RUWA BA YA TSAMI BANZA: Abin da Ya Kashe Kifayen Ɗakin Gwaje-gwaje

(Jawabin da ɗan'uwanmu, ɗan kwamitin ayyuka, ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara a babban zauren makaranta)



Da Sakatare ya rubuto mini cewa an ba ni minti 20 in yi magana a kan sana'ata, na san abin da yake tsammani, wato in zo in faɗa muku yadda ake samun kuɗi da kiwon tarwaɗa. To, ina neman afuwarsa. Akwai bashin da ke wuyana, a wannan zauren na ci shi, a nan kuma ya kamata in biya.

Za ku tuna a taron da ya gabata na miƙe na kawo shawarar mu sayi akwatin gilashi na kifi, wanda ake kira akwariyom, mu ajiye a ɗakin gwaje-gwaje, domin ƙannenmu su riƙa ganin kifi da tsiron ruwa da idonsu maimakon zanen allo da muka sha. Kuka amince, kuka haɗa kuɗi, aka ɗora mini aikin. Akwatin ya yi kamar wata uku yana ba kowa sha'awa. Sai rana ɗaya, cikin zafin bazara, kifayen suka mutu kakaf tsakanin hantsi da azahar. Daga nan magana ta yi ta yawo. Wasu suka ce yara ne suka zuba wani abu. Wasu kuma, har da waɗansu 'yan kwamitinmu, suka ɗora laifin a kan Baba mai kula da ɗakin gwaji, mutumin da tun muna aji ɗaya yake share kwalaben da muka fasa bai taɓa kai ƙararmu ba. Har na ji an ce a rubuta takarda a kansa. Ni kuwa na yi shiru, shirun da bai kamace ni ba. Yau zan faɗi abin da ya faru, amma ba zan iya faɗinsa ba sai na ɗan mayar da ku aji. Malamanmu na kimiyya da ke zaune a gaba, in na yi tuntuɓe ku gyara mini, kamar yadda kuka saba.

Dabarar haɗa kifi da tsiro a mazubi ɗaya ba sabuwa ba ce. Tun a 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya bayyana cewa kifi da tsiron ruwa da katantanwa suna iya riƙe juna: tsiro ya ba kifi iskar shaƙa, kifi ya ba tsiro taki, katantanwa ta yi shara. A 1999 kuma wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta fitar da littafi a kan yin wannan da ƙasar noma zalla. Abin da ta ce a yi shi ne a shimfiɗa ƙasa mai kaurin kamar santimita 2.5, a rufe ta da tsakuwa mai kauri kamar haka, a cika akwatin da tsirrai tun ranar farko. Na karanta littafin, amma irin karatun daren jarrabawa.

Ga abin da ni na yi. Na je fadama na ɗebo baƙar laka, irin wadda in mai lambu ya gani sai ya yi murmushi. Na ga kamar ba ta isa ba, na cuɗa ta da takin shanu. Na shimfiɗa ta har santimita 10, domin a tunanina na ɗan manomi, in taki kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. Don kada ruwa ya gurɓace kuma, na danne ta da lallausan yashin rafi, kamar santimita 5. Ruwa ya fito tas, kowa ya yaba. Ashe tukunya na ɗora, na kuma rufe ta da murfi.

Abin da ya bambanta ƙasar gona da ƙasar da ruwa ya shanye shi ne iska. Ƙasar gona cike take da 'yan ƙofofi da iska ke bi. In ruwa ya cika ƙofofin nan, iskar oksijin, wadda muke shaƙa mu rayu, tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, tafiyarta a cikin ruwa ta fi ta cikin sarari jinkiri kamar sau 10,000. A cikin ƙasar kuwa akwai ƙwayoyin bakteriya bila adadin, suna cin ruɓaɓɓen ganye da taki, suna shaƙar oksijin kamar mu. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai su cinye ɗan abin da ke ciki. Daga nan, in ka wuce 'yan milimita kaɗan na sama-sama, babu sauran oksijin a lakar.

Da mu ne, da shi ke nan. Su kuwa ba haka ba. In oksijin ya ƙare, sai wasu ƙwayoyin su karɓi aikin, suna numfashi da abin da ya samu, kamar gidan da hatsi ya ƙare aka koma kan rogo, rogo ya ƙare aka koma kan tafasa. Da farko sukan kama sinadarin naitiret, su mayar da shi iskar naitirojin, wadda ba ta cutar da kowa, ita ce ma kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da ke zauren nan. In ya ƙare su koma kan manganis, sa'an nan tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa. Shi ya sa jar ƙasa in ta daɗe a ƙarƙashin ruwa takan koma toka-toka; duk wanda ya taɓa haƙa a fadama ya ga wannan. Bayan ƙarfe sai su iso kan gishirin farar wuta, wato salfet. A can ƙarshe kuma, in komai ya ƙare, akwai wasu 'yan halittu da ke fitar da iskar da ake kira metan. Ana bin matakan nan ne daga sama zuwa ƙasa. Iya kaurin laka da yawan takinta, iya nisan da za a kai. Tawa ta kai har ƙarshe.

Bari in tsaya a kan iskoki biyu na ƙarshen nan, domin mutane kan haɗa su, alhali halinsu ya sha bamban.

Metan ita ce iskar fadama. 'Yan ajinmu za su tuna kududdufin da muke satar jiki mu je wanka, yadda in ka taka laka kumfa ke ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunka. Ita ce. A 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya tsokani lakar bakin tafkin Maggiore da sanda, ya tara kumfar da ta taso a kwalba, ya gano tana kama wuta. Ita ce dai ake tarawa daga kashin shanu a yi girki da ita. Ba ta da wari, kuma ba ta narkewa sosai a ruwa, shi ya sa take taruwa ta zama kumfa. Mafi yawan kumfar da mai akwatin kifi ke gani tana tasowa daga ƙasa, metan ce da naitirojin da iskar kabon. Takan taso ta fashe a sama ta tafi abinta, kifi bai san ma an yi ba. Ɓarnarta ɗaya ce: in ta rasa hanyar fita sai ta ɗaga ƙasa, ta tumɓuke tsiro, ta watso laka cikin ruwa.

Ɗayar kuwa, wadda ake samu daga farar wuta, sunanta haidurojin salfaid. Ba sai na kwatanta muku ita ba. Duk wanda ya taɓa fasa bara-gurbi ya san ta. Ita tana narkewa a ruwa sosai, don haka ba ta cika yin kumfa a gan ta ba. Guba ce mai ƙarfi, kuma yadda take kisa shi ne ta hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin, dabba ta shaƙe ko da akwai iska a gabanta. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyakarta a ruwan da kifi ke zaune a kan miligiram 0.002 a lita ɗaya. Ku dubi ƙanƙantar wannan adadi. Ƙarfinta kuma yana tafiya da tsamin ruwa. A ma'aunin tsami na pH, in ruwa yana kan 7, kusan rabin salfaid ɗin yana cikin siffarsa mai guba. In ya sauka zuwa 6, kusan kashi 90 cikin 100. In ya hau 8, kamar kashi 10 kawai.

Wani zai ce, to in haka ne me ya sa kifin kowane tafki bai mutu ba, tun da kowane tafki da lakarsa? Domin Allah Ya sa mata masu gadi. Na farko ƙarfe. In salfaid ya gamu da ƙarfe a cikin ƙasa sai su ɗaure juna su zama baƙin abu da ba ya narkewa. Baƙin da kuke gani a lakar kwata ke nan. Na biyu ɗan siririn saman laka mai oksijin, inda gubar ke lalacewa kafin ta iso ruwa. Na uku, wanda ya fi ba ni sha'awa, saiwar tsiro. Kun tuna muna yara muna tsinko karan bado mu sa bakinsa ɗaya a ruwa mu busa, kumfa ta fito? Ƙofofin nan da ke cikin karan ba ado ba ne, bututu ne. Ta nan tsiron ke tura oksijin daga ganye zuwa saiwa, wani kuma ya tsiyaye cikin lakar da ke kewaye da saiwar. Shinkafa ma haka take yi, shi ya sa take rayuwa a inda dawa za ta ruɓe. In ka tumɓuke lafiyayyen tsiron ruwa za ka ga saiwarsa fara, wani lokaci da ja-ja na tsatsa a jikinta; wannan alamar oksijin ce. Ta bututun nan ne kuma metan ke samun hanya ta fice sama a hankali.

A nan ma na yi kuskure. Tsiron da na cika akwatin da shi ana kiransa Anubiyas, ɗan rafukan kurmi ne na kudancin Nijeriya da Kamaru, kuma masu akwatin kifi a duniya suna ji da shi. Irin da aka fi sani ma, barteri, sunan Charles Barter aka sa masa, mai tattara tsirrai da ya bi ayarin Dakta Baikie a kogin Kwara, ya rasu a 1859. Na zaɓe shi don kyansa da jurewarsa. Amma shi a jikin dutse ko itace ake ɗaure shi, in aka binne gindinsa ruɓewa yake yi, ga shi da jinkirin girma. Saboda haka lakar nan mai santimita 10 ba ta da saiwa ko ɗaya ta kirki da ke ratsa ta. Na cire mai gadi na uku, yashi ya toshe ƙofa, takin shanu kuma ya fi ƙarfin ɗan ƙarfen da ke ciki.

Yanzu sai ranar da abin ya faru. Zafi ya kai inda ya kai, ruwan akwatin ya haura digiri 30. Zafi yana yin ɓarna biyu a tare: yana ƙara wa bakteriya kuzari, yana kuma rage oksijin da ruwa ke iya riƙewa. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kamar miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa kamar 7.5 ne, alhali a zafi ne kifi ya fi bukatarsa. An kwana biyu babu wuta, famfon iska a tsaye. Ga shi kuma da safe ne, lokacin da oksijin ya fi ƙaranci a kowane ruwa mai tsiro, domin da dare tsiro ba ya bayarwa, shi ma shaƙa yake yi.

Da hantsi Baba ya kira ni a waya ya ce yashin ya kumbura kamar ƙullun waina da ya kwana, kuma ta jikin gilashi yana ganin baƙi-baƙi da kumfa a maƙale. Ina bakin tafkunana a lokacin, hankalina na wani wuri. Na ce masa ya sami sanda ya motsa yashin sosai iskar ta fita. Ya tambaye ni ko ya fara kwashe kifin a bokiti. Na ce ba sai ya yi ba. Jama'a, ku ji da kyau: shi ya kawo shawarar da za ta ceci kifin, ni na hana. Ya yi abin da na ce. Baƙar laka ta turnuƙe ruwan, ɗoyi ya cika ɗakin har aka buɗe tagogi. Gubar da ta yi wata uku tana taruwa ta fito lokaci ɗaya, ita kuma lakar, da yake ta daɗe da yunwar oksijin, ta zuƙe ɗan abin da ya rage a ruwan. Kifayen suka taso sama suna haki. Kafin in iso an gama. Da na sa hannu ina kwashe su, zoben azurfar da ke yatsana ya yi baƙi ƙirin. Wannan shaida ce da ba ta bukatar na'ura, domin haidurojin salfaid ne ke baƙanta azurfa haka. Tun a ranar na sani. Kunya ce ta rufe mini baki.

Wani ɗan'uwa da na ba shi labarin nan ya ce ashe irin abin tafkin Nyos ne ya faru. Akwai kama, amma ba ɗaya ba ne. A ranar 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya amayo iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi dubbai. Waccan iskar daga cikin dutse mai aman wuta take tsiyayowa, ba daga ruɓa ba. Inda suka yi kama shi ne maganin: daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin domin iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan kada ta taru. Abin da ya fi kusa da mu shi ne masai da rijiyar da aka daɗe da rufewa. Iskar nan mai warin bara-gurbi tana taruwa a irin waɗannan wurare, kuma makircinta shi ne in ta yi yawa takan kashe jin warin hanci, mutum ya zaci ta tafi alhali a lokacin ta fi haɗari. Masu tafkin ƙasa na kiwon kifi a cikinku kuma, dalilin da ya sa ake cewa a zubar da ruwa bayan an kwashe kifi, a bar gindin tafki ya bushe har ya tsage, ke nan. Ni da nake faɗa wa ma'aikatana haka kowace shekara, sai ga shi na manta da shi a akwatin da bai kai tsawon tebur ba.

To, in za a sake, yaya za a yi? Ƙasar da za a nema ba baƙar lakar fadama ba ce, ƙasar gona ce ta yau da kullum, wadda ba a zuba mata taki ko maganin feshi ba, gara ma mai ɗan ja saboda ƙarfenta. A tankaɗe ta a cire itatuwa da ganye. A jiƙa ta, a shanya a rana ta bushe, a sake jiƙawa a sake shanyawa, sau uku ko huɗu. Yin haka yana sa mafi yawan abin da zai ruɓe ya ruɓe a sarari, inda akwai iska, tun kafin ya shiga akwati. Rana kuwa ba mu da ƙarancinta. Kauri kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, a rufe da ƙananan tsakuwa masu barin ƙofa a tsakaninsu, ba lallausan yashi ba. Dutse mai faɗi a ɗora shi a kan gilashi kafin a zuba ƙasa, kada a danne ƙasa da shi. A dasa tsirrai masu saiwa da yawa tun ranar farko, irin su ƙaramin bado da ciyawar ruwa mai dogon ganye, a jinkirta sa kifi har sai sun kama.

Kumfa za ta zo, musamman a makonnin farko, kuma ba abin tsoro ba ce. Hanci ne alƙali: in ta fashe babu wari, a ƙyale ta. In ana son taimaka mata, tsinken tsire ya isa. A soka shi a hankali a wuri biyu ko uku, da rana tsaka lokacin da tsirrai ke ba da oksijin, gobe a soka wani wurin. In kuwa aka ji ɗoyi, ko aka ga saiwa ta yi baƙi ta yi laushi, to sai a bi shawarar Baba: kifi a bokiti tukuna, da ruwan sama-sama mai tsabta, kafin a taɓa ƙasa.

Akwai wata 'yar katantanwa mai dogon ƙoƙo mai tsini, Melanoides, da masu wannan sha'awa ke sakawa domin tana yini a cikin tsakuwa tana juya ta. Tana da amfani, ana kuma samunta a ruwayenmu. Amma ina roƙon malamai kada a tura yara kududdufi su tsinto katantanwa. A cikin na ruwayenmu akwai masu ɗauke da tsargiya, yaro ba zai bambance su ba, akwatin nan kuwa hannuwa da yawa za su shiga cikinsa. A samo daga wurin masu kiwo. Tsiron da aka ɗebo daga rafi ma a wanke shi, a keɓe shi a wani mazubi na 'yan makonni a ga abin da zai ƙyanƙyashe a jikinsa.

Ya Shugaba, roƙona uku ne. Ina so Sakatare ya rubuta a littafin taro cewa Baba ba shi da laifi a wannan al'amari, a kuma janye maganar takarda. Baba, ga ni a gaban jama'a, ka yafe mini; watannin nan da ka yi ana kallonka da abin da ba ka yi ba, ni na jawo maka. Na biyu, a ba ni izini in sake haɗa akwatin da kuɗina, ba da na ƙungiya ba. Na uku, a bar shi a hannun Baba, a haɗa shi da 'yan babban aji su riƙa rubuta zafin ruwa da abin da suka gani kowace safiya a littafi, ni kuma in riƙa zuwa da ƙafata duk wata, ba ta waya ba.

Ƙasar sabon akwatin tana shanye a bayan ɗakin gwaji, an yi mata jiƙo biyu, saura biyu. Tsohuwar lakar kuma ban zubar da ita duka ba. Na ɗura wata a kwalba na ajiye a bakin taga, yanzu ta yi hawa-hawa, ana ganin baƙin da tokar ta jikin gilashi, kuma mun tara ɗan metan a wata 'yar kwalba. Bayan an ci abinci, duk mai so ya biyo mu can. A waje za mu buɗe, kuma Malaminmu na Kemistiri ne zai ƙyasta ashana, don haka 'yan ajinmu da aka sani da karambani su bar nasu a aljihu.